Takardar Kuɗin Wuta

Ƙarshen wata suke kawo ta,
su cusa ta ƙarƙashin ƙofarmu a Kakuri:
dubu goma sha ɗaya da ɗari shida,
kuɗin wutar da muka gani sau huɗu.
Inna ta karanta, ta ja tsaki.
Baba ya ce a miƙo masa.

Ya shimfiɗa ta a bayan faranti,
ya goge ta da gefen tafin hannu
yadda yake goge yadi
lokacin da masaƙa take masaƙa,
lokacin da jiniya ke tashin unguwa
tun ladan bai gama gyaran murya ba.

Kusurwa ta je gaida kusurwa.
Ya bi karin da farcen babban yatsa,
ya buɗe, ya juya, ya sake ninkewa.
Ba almakashi, ba gam.
"Takarda ba ta mantuwa, Barira.
In kin karya ta inda ba ta so,
tabon yana nan har ta tsufa."

Wani injiniya ɗan Japan ya koya masa
a hutun rana, bayan ɗakin rini.
Wancan ba Hausa, Baba ba yarensu,
yatsu suka yi tafinta.
Mutumin ya koma gida. Masaƙa ta rufe.
Ciyawar bakin ƙofa har ta yi jikoki.
Kuɗin sallama, ana nan ana jira.
Abin da Baba ya fito da shi
ba a aljihu yake ba, a yatsu yake.

Ninki takwas, sai ga kunnuwa.
Goma sha biyu, sai ga bado,
irin mai buɗewa a gefen kogi
ƙasan gada, in ruwa ya ja baya.
Dubu goma sha ɗayan ta shige cikin ganye,
ɗari shidan tana leƙe ta gefe,
tambarin kamfani ya koma gindi.

Inna ta ce, "Malam Tasi'u,
wa ya taɓa haɗa takarda da wuta
ya kwana da rufi a kansa?"
Bai tanka ba. Ya ɗauko kofin gilas,
wanda hannunsa ya karye ranar sunan Sabi'u,
ya zuba yashi, ya kafa guntun kyandir,
ya zaunar da shi a tsakiyar furen.
"Maƙwabta ne," in ji shi, "da katanga tsakani.
Ba haka muke zaune a garin nan ba?"

Magariba. Janareton gidan kusa ya yi tari, ya kama.
Mu ashana muka ƙyasta.
Hasken ya ratsa takardar kamar man shanu a tuwon zafi,
ganyayen suka hau bango, manya-manya,
har silin ya manta da tabon yoyonsa.
Sabi'u ya jawo littafin lissafi.
Inna ba ta ce komai ba,
amma nan ta kawo tsintar shinkafarta.

Yanzu tara ne jere a kan taga.
Ɗaya katin asibiti ne,
ɗaya jarrabawata mai uku bisa goma,
ɗaya katin bikin da ba mu da kuɗin motar zuwa.
Nawa na kaina yana can ƙarshe, karkatacce,
kunnensa guda ya faɗi kamar na ɗan akuya.
Baba ya hana a gyara.

Takarda ɗaya ce bai taɓa ninkewa ba.
Tana cikin akwatin ƙarfe, a miƙe,
da hatimin masaƙa da lambarsa ta aiki.
Ya ce wata rana za su kira suna.

Jiya ƙarfe tara suka kawo wuta.
Yaran layi suka kaure da ihu,
fanka ta farka tana ƙorafi,
ƙwan ɗaki ya tona mana kowace tsaga ta bango.
Furannin suka koma takardun bashi.

Inna ta dube su, ta dubi Baba.
Ta dafa gwiwa, ta miƙe,
ta kashe ƙwan.